Shuɗin Baba Rudi

Kun taso kuna jin ana yabona a kan Baba Rudi. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, har a bakin masallacinmu na Tompkinsville, sai wani ya nuna ni ya ce ga mutumin da ya yi wa makahon Bature jagora shekara biyu, ba dangin iya ba na baba. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce ai yi wa kai ne, ku ɗauka kunyar yabo ce take damuna. Ba ita ba ce. Mahaifiyarku ta san abin da ke sa ni sunkuyawa, ta kuma yi shiru da shi shekara ashirin da ɗoriya. Yanzu da hawa bene ya fara gagarata, gara ku ji daga bakina. Da gangan nake rubutawa da Hausa. Wanda karatun ya ba shi wahala a cikinku, ke Hafsa nake nufi, ya zauna gaban uwarsa ta karanta masa.

Ni ɗan marina ne. A bakin karofi na buɗe ido, ubana marini, kakana marini, kuma kafin in iya Fatiha na iya bambanta zanen da aka tsoma sau uku da wanda aka tsoma sau biyar. Abin da mutane ke kira shuɗi kawai, mu a gidanmu ya fi kala ashirin. Da na zo New York ban sami mai neman wannan ilimi ba, sai na kafa tebur a Canal Street ina sayar da tabarau da lema, in rana ta fito in ci da tabarau, in ruwa ya sauko in ci da lema. Wata Juma'a na dawo daga masallaci da rawanin da ubana ya rina mini da hannunsa, sai na tarar da wani dogon tsohon Bature tsaye a gaban teburin. Kayan bai ko kalle su ba, kaina yake kallo. Da Turanci muka yi magana ranar, da shi muka ci gaba har muka rabu, amma zan juya muku da harshenmu.

"Wannan baƙi ne ko shuɗi?" in ji shi.

Na ce, "Ya danganta da inda rana take."

Ya yi dariya har da tari. Washegari ya dawo da ɗan akwati cike da gutsattsarin gilashi masu launi, ya zube su a tsakanin tabarauna, ya ce in jera masa shuɗayen daga mai haske zuwa mai duhu. Na jera ina sallamar masu ciniki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni ko ina tsoron yankan hannu. Na ce wanda ya girma da hannu baƙi ƙirin da shuni ba jini ne zai ba shi tsoro ba. Da haka na bar Canal Street ina da shekara talatin da biyar, muka tattara muka koma Tompkinsville kusa da wurin aikinsa.

Rudi sunansa, ni na ƙara masa Baba don bakina ba zai iya kiran sa'an ubana da suna gatsal ba. Mutumin Suwizalan ne, daga wani ƙauye da ke tsakanin duwatsu a bakin tafki. Ubansa kafinta ne, ya so Rudi ya gaje shi, shi kuwa zane ya sa a gaba. Ya yi shekaru yana zanen fenti a kan ƙyalle, yana sayar da ɗaya ya ajiye goma, har ranar da aka sa shi ya taya wani tsoho gyaran tagar coci. Ya ce mini da ya ga rana ta ratsa jan gilashi ta zubo masa a bayan hannu, sai fenti ya fita ransa. Ya koyi sana'ar a can, ya yi wa coci-coci da makarantu tagogi a ƙasarsu, daga baya wani aiki ya kawo shi Amurka shi da matarsa Marta, suka zauna. Allah bai ba su haihuwa ba. Kafin in san shi da shekara uku Marta ta rasu, bayan ta daɗe da ciwon mantuwa, irin wanda mutum ke kallon mijinsa ya tambaye shi ko wane ne. Shi ya yi jinyarta shi kaɗai. Sau ɗaya ya ba ni wannan labari, bai ƙara ba.

Wurin aikin tsohon gareji ne mai ƙatuwar taga ta arewa. Yakan fara zana tagar a takarda daidai girmanta, kowane gurbi da lambarsa. Sai zaɓen gilashi, wanda shi ne ran sana'ar: ya zaro farantin gilashi daga kanta, ya ɗaga shi a haske, ya mayar, ya zaro wani, wani lokaci a yi wuni a kan gurbi ɗaya. Gilashin na hannu ne, busa shi ake yi da baki, don haka babu biyu masu kauri ɗaya, kowanne da ƙurajensa da tudunsa. In ya yanka, sai mu manna gutsuren da kakin zuma a jikin wani farin gilashi da ke tsaye a gaban taga, har hoton ya cika a gan shi da rana a bayansa. Daga nan sai gashi a tanderu, sai haɗi da dalma. Na tambayi malaminmu game da tagogin da ke da siffar mutane, ya ce in nisanci zanen, ni kuwa dama yanka da dalma ne nawa. Baba Rudi bai taɓa sa ni abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma lokacin azahar na yi shi ke duba agogo ya ce in tafi. Mutum ne mai faɗa a kan aiki, ba ya yabo. In ya ce "madalla", kalma ɗaya tilo da ya ɗauka daga Hausa, ranar har mahaifiyarku sai ta ji labari. Amma kowane gilashi ya ɗaga sai ya juyo ya ce, "Sabi'u, ya ka gani?" In ba shi amsa, mu yi gardama, wani lokaci ya bi tawa. Shekara goma muna haka.

A shekara ta sha ɗaya wani asibiti ya ba shi aikin tagar ɗakin addu'a, inda Musulmi da Kirista da kowa ke shiga ya zauna idan nasa na kwance. Ba sa son siffar komai. Baba Rudi, yana da shekara saba'in da tara, ya ce tafkin garinsu zai yi musu da sanyin safiya, ruwa da sama kawai, shuɗi a kan shuɗi, gutsure wajen ɗari uku. Ya ce ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce wadda ya daɗe yana jira.

Ganye ya fara zuba muka soma. A sati na biyu ya ɗaga wani faranti ya ce wannan shi ne tsakiyar ruwan. Na duba, na sake dubawa. Ba shuɗi ba ne, toka-toka ne mai ɗan kore, kamar ruwan wanki. Na jira ya yi dariya ya ce gwada ni yake. Bai yi ba, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Sabi'u, ya ka gani?"

"Ya yi, Baba."

Dole in gaya muku daga inda wannan amsa ta fito, don ba daga tsoro ta fito ba. Lokacin da idon kakana ya fara rauni, yakan tsamo zane daga karofi rinin bai kai ba, ya shanya ya ce ya yi. Babu wanda ya taɓa ce masa uffan. In ya shiga gida, sai ubana ya kwashe zannuwan ya sake tsoma su, ya mayar da su inda ya shanya. Masu kaya su zo su yi ta sa wa tsoho albarka, ubana na gefe yana cewa amin. Kakana ya koma ga Allah yana ganin hannunsa bai taɓa kuskure ba. A gidanmu in ana son a nuna wa yaro abin da ake kira tarbiyya, wannan labari ake ba shi. Ni ma da shi na girma, ina alfahari da ubana a kansa. Don haka da na ga abin da na gani, ban ma yi shawara da zuciyata ba. Na ɗauka lokacina ne ya zo na yin abin da ubana ya yi.

Baba Rudi ba ya shigowa sai ƙarfe tara. Ni kuwa da mabuɗi a hannuna, daga sallar asuba sai gareji. In haske ya fito in ɓamɓare gutsuren da ya kauce, in nemo launin da na san shi yake nufi, in yanka daidai da nasa, in manna. Nasa kuma ban iya zubarwa ba, sai in naɗe a jarida in sa a kwali a ƙarƙashin bencina. Da farko ɗaya ne a sati. Kafin ƙanƙara ta sauka ya zama biyu, uku a rana. Tagar kuwa sai kyau take ƙarawa, har mutanen asibitin da suka zo dubawa suka tsaya a gabanta, ɗaya ta ce ashe tsufa ba ya taɓa gwani. Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, Allah Ya yafe mini. A cikin watannin na ga ya fara buge kafaɗa da bakin ƙofa, na ga ya ture kofin shayi da ke gefensa kamar bai san da shi ba. Sai na riƙa kawar da abubuwa daga hanyarsa kafin ya iso.

Mahaifiyarku a lokacin tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata ranar Lahadi tana tuƙa tuwo, kuna falo kuna rigima a kan talabijin, na ba ta labari ina jiran ta yaba. Ta ajiye muciya.

"Baban Hafsa, wannan ba tsufa ba ne, ciwo ne. Akwai wata cikin tsofaffin da nake kula da su da ta fara haka. Ka kai shi a duba idon."

"In ce masa me? Baba, ka makance? Mutumin da idonsa ne abincinsa?"

"Ka ce masa abin da ka gani. Ai don ka faɗa masa ya ɗauke ka, ba don ka gaishe shi ba."

"Ke ba ki san sha'anin sana'a ba. Bari a gama tagar tukuna. Ita ce ta ƙarshe, in ya ji yanzu zai ajiye ta."

"Ban san sana'a ba, amma na san ido guda biyu ne, kuma ba a sayar da shi a Canal Street."

Na yi fushi na bar mata kicin. Ta sake tayar da maganar sau biyu a cikin sanyin nan, har ta ce in ba zan iya ba ita za ta je ta faɗa masa. Na hana ta, na ce kada ta kuskura ta shiga tsakanina da maigidana. Ta bi maganata, kuma na san har yau tana jin zafin bin da ta yi.

Shi kuwa Baba Rudi sai ya canja. Faɗan ya ragu, gardamar ta ɗauke. Yakan tsaya gaban tagar ya daɗe yana shafa gutsattsarin da yatsa, ya koma ya buɗe wani ɗan littafi ya yi rubutu, in na matso ya rufe. Ya rame. Na ce a raina kewar gida ce, tafkin ne ke tuna masa da ƙuruciya. Mai son ya yarda da abu ba ya rasa dalili.

Itatuwa sun fara toho, saura gurbi kamar arba'in, ranar da ya shigo bai cire kwat ba. Ya zauna a kan kujerarsa ya ce in jawo tawa.

"Sabi'u, na ɓoye maka wani abu, ina neman gafararka. Ciwon Marta ya kama ni."

Na ce, "Subhanallahi. Wa ya faɗa maka?"

"Hannuna. Shekara hamsin ina taɓa gilashi, duk wanda na yanka na san shi kamar haƙorina. Jiya na yanka na gurbi na ɗari biyu da sha huɗu, mai kauri ne, da ƙurji a gefen hagu, har na rubuta a littafi don kada in yi musu da kaina. Ga shi can yanzu, siriri, sumul. Tun kafin Kirsimeti haka nake fama. In tuna na yi abu, in zo in tarar ba shi na yi ba. Haka ta fara." Ya goge baki da bayan hannu. "Na rubuta wa 'yar ƙanena ta nema mini wuri a gidan da ake ajiye irinmu. Ba na son ka yi jinyar da na yi. Ina so dai ka sani tun ina gane ka."

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba, ko ranar da aka aiko mini da rasuwar ubana. Wata shida mutumin nan yana kwana yana tashi da abin da ya fi tsoro a duniya, shi kaɗai, kuma ni na ɗora masa da hannuna kowace safiya bayan na idar da salla. Zan faɗa muku gaskiya, ko a nan sai da zuciyata ta raya mini in yi shiru, in lallashe shi, in daina sauyin kawai, komai ya wuce ba wanda ya sani. Na kai minti guda ina auna wannan. Sannan na tashi na jawo kwalin daga ƙarƙashin benci na ajiye a gabansa, na fara warware jaridun.

Ya ɗauki na farko ya shafa. Ya ɗauki na biyu. A na uku yatsansa ya sami ƙurjin.

"Wannan nawa ne," ya ce. "Wannan ne na jiya."

"Shi ne, Baba. Kanka lafiya lau. Ni nake sauyawa."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, ban san ko kuka yake ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ya kira sunan matarsa, ya yi wata magana da harshensu. Na bar shi har ya lafa. Da ya ɗago sai murnar ta fara janyewa daga fuskarsa a hankali, don tambayar da ke biye ta iso.

"Me ya sa?"

"Launin ba daidai ba ne."

Ya ɗaga gutsuren a hasken taga, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan. "Wane launi ne wannan?"

"Toka-toka. Da ɗan kore."

"Tun yaushe?"

"Tun sati na biyu."

"Kullum ina tambayarka, Sabi'u."

Sai na ba shi labarin kakana, da karofi, da ubana yana cewa amin. Na faɗa da dukkan zuciyata, don ina so ya gane girmamawa ce ba raini ba. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Kakan naka, ciwo ne ya kama idonsa ko tsufa?"

Na ce ban sani ba.

"Ba wanda ya sani," in ji shi, "tunda ba wanda ya kai shi a duba."

Shekara arba'in da shida ina ɗauke da labarin nan, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Ban ce ubana ya yi laifi ba, Allah Ya jiƙansa, a zamaninsu da wurinsu wataƙila babu abin da za a iya yi wa tsohon sai rufin asirin. Ni kuwa asibitin ido na nan tafiyar minti goma a bas daga garejin.

Mahaifiyarku ce ta yi ta buga waya har aka ba mu ganin likita a cikin satin. Ba ta ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Na raka shi. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Hafsa ta yanzu ba. Ta sa shi ya leƙa na'ura ya riƙa danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske. Ina tsaye a bayansa riƙe da kwat ɗinsa, ina ganin ɗigon na walƙawa a gefe, yatsansa bai motsa ba. Da ta gama ta juyo da kujerarta ta yi masa bayani dalla-dalla. Hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye, ba zafi ba ƙaiƙayi. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Na dama saura kaɗan, na hagu za a gwada tsare abin da ya rage da magani, amma ba ta yi alkawari ba. Ta ce a 'yan watannin nan ne abin ya yi gudu, da an zo tun farkon sanyi da maganar ba haka take ba. Sai ta duba takardarsa, ta dube shi.

"Mai irin wannan ciwo ba ya ganewa da kansa, na kusa da shi ke fara lura. Ba wanda ke tare da kai kullum? Ba wanda ya ga alama?"

Na buɗe baki. Ya riga ni.

"Babu kowa," ya ce. "Ni kaɗai nake."

Ta rubuta, ta ci gaba da bayanin magani. Ni ina nan tsaye, taku ɗaya tsakanina da shi, da kwat ɗinsa a hannuna.

A bakin titi ya miƙo hannu na kama, muka tsallaka. Tagar mun gama ta a bazarar, ina faɗa masa sunan kowane launi yana cewa e ko a'a, kuma ranar da aka kafa ta haske da duhu kawai ya iya gani. Idon hagun ma bai tsira ba. Shekara biyu ina zuwa da safe in ɗiga masa magani, in kai shi inda za shi, in dawo da shi, har 'yar ƙanensa ta zo ta tafi da shi garinsu, can ya rasu a bakin tafkin. Abin da mutane suka gani ke nan suke yabo. A duk tsawon lokacin bai ɗaga mini murya ba, bai sake tayar da maganar ba, ni kuma ban sami bakin tambayarsa abin da yake nufi a gaban likitar nan ba. Har yau ban sani ba ko asirina ya rufa, ko kuwa gaskiya ya faɗa mata.